Kumfa a Kwale-kwalen Papa Ngatupuna

Ranar da kwale-kwalenmu ya tsage mun ɗan wuce bakin tashar jiragen ruwa ta Avatiu, mu shida, dukanmu masu jikoki, muna tuƙi muna gulmar surukai. Wata igiyar ruwa, ba ma babba ba, ta ɗaga mu ta dire, sai muka ji ƙas a ƙarƙashin mazaunin Mama Akaiti. Kafin mu ankara ruwa ya kai mana gwiwa. Masunta ne suka jawo mu gaɓa.

Mijin Mama Akaiti, Papa Ngatupuna, shi ya ƙera shi. Tun muna 'yan mata yake yi wa tsibirinmu na Rarotonga kwale-kwalen tsere da ƙyallen zaren gilashi da danƙo, ba a taɓa jin nasa ya ba shi kunya ba.

A rumfarsa ya yanko wurin da zarto. Ya kai guntun kusa da ido, ya nisanta shi, can sai ya haƙura ya bi bakin da babban yatsa. Cikin duk ƙananan ramuka ne kamar burodi.

"Iska ce ta maƙale tsakanin ƙyalle da ƙyalle," in ji shi. "Duk inda kumfa ta zauna, danƙo bai kama zare ba. Igiya na duka, tsaga na tafiya daga wannan rami zuwa wancan."

"Ai ka murje su da rola, ina tsaye," in ji matarsa.

"Na murje waɗanda na gani."

A ranar muka san yanar ido ta rufe masa gani, ya daɗe yana ɓoyewa.

Ya garƙame rumfar. Ko coci aka dawo ba ya tsayawa hira. Na kai musu gwaza da kifi a madarar kwakwa, na tarar da shi zaune a baranda yana cewa, "Saura kaɗan in kashe ki, Akaiti."

"Wa? Ni da na haifa maka 'ya'ya masu ƙaton kai irin naka, ruwan gwiwa ne zai kashe ni? Ci abinci, tsoho."

Bai ci ba.

Asabar ta zagayo, Mama Akaiti ta zare mabuɗin daga aljihun wandonsa, muka hallara a rumfar don gyaran kwale-kwalen, kowacce da safar hannu da tabaraunta. Ya fito yana faɗa.

"Ku da ko kwano ba ku iya wankewa da kyau!"

"Kai dai haɗa danƙo," na ce masa. "Ido namu ne."

Sai ya nemi bokiti.

Mun sha masifa, ba ƙarya. Kada a dama danƙo da gaggawa, iska ake shigarwa. A fara murza daga tsakiya a kora waje. Idan wuri ya yi fari-fari, danƙo bai ratsa ba. Mukan duƙufa mu shida, wata ta yi ihu, "Ga ɗaya nan, Papa!" Shi kuma ya ce, "To sunanta za ki raɗa? Kore ta!" Da jikin ya bushe, ya bi shi kaf yana ƙwanƙwasawa da gindin cokali, kunnensa a manne. Wuri guda ya ji amo ya mutu, ya sa muka kankare muka sake.

A tseren bara mun zo na biyu daga ƙarshe, amma ko ɗigon ruwa bai shigo ta ƙasa ba.

Bayan Kirsimeti 'yarsu ta kai shi asibiti a birnin Auckland aka cire yanar. Muka je tarbarsa a filin jirgi da sarƙar furanni. Ya sauko ya tsaya gaban matarsa yana ta kallo.

"Akaiti, yaushe kika tsufa haka?"

Ta maka masa furannin a ka, sannan ta riƙe hannunsa har mota.