Zuciyar da Aka Ba Sieni

Har ɗakinta aka turo na'urar ɗaukar hoton zuciya, don ba a yarda mai irin murarta ta zauna cikin jama'a a ɗakin jira ba. Matar da ta turo ta, Bronwyn, ta shigo cikin rigar leda da safar hannu da takunkumi, idanunta kawai ake gani.

"Malama Sieni, kin yi kewata ne kika ƙirƙiro mura?" in ji ta. "Ai ba yanzu ne lokacinmu ba."

Sieni ta so ta yi dariya, tari ya riga ta. Tun da aka yi mata dashen zuciya a wannan asibiti na Brisbane, Bronwyn ce ke duba ta, har Sieni ta haddace yadda ake yi. Ba ta jira an ce mata ba ta juya kan haƙarƙarinta na hagu, ta tura hannu ƙarƙashin kai. A kujerar kusurwa mahaifiyarta Peteli na zaune da kwanon gwaza da madarar kwakwa a cinya, wanda tun safe Sieni ta kasa taɓawa.

Bronwyn ta rage fitila, ta shafa mata man nan mai sanyi, ta danna kan na'urar a ƙarƙashin tabon aikin. Zuciyar ta bayyana a allo, toka-toka, tana buɗewa tana rufewa.

Sieni ba ta san ta wace ce ko ta wane ne ba, ba a faɗa wa kowa. Abin da ta sani kawai shi ne wasu mutane, a ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarsu, an nemi zuciyar mamacinsu sun ce to. Da wannan zuciyar ta koma jami'a ta gama, ta zama malamar kimiyya a sakandare a Logan, duk da masu cewa ta zauna gida ta gode wa Allah. Ita ce ta tsaya a gaban 'yan cocinsu ta yi musu bayanin cewa magungunan da ke hana jikinta ƙin zuciyar su ne kuma ke karya mata garkuwa, saboda haka murar da za ta sa wani atishawa ita tana iya kwantar da ita. Ta faɗa da kai a ɗage, kuma ba ta damu da waɗanda suka taɓe baki ba.

"Ja numfashi. Riƙe. Yawwa, saki."

Makon da ya wuce ne Kawu Tavita, babban gidansu, ya rasu. Dangi suka zo daga Apia, babban birnin ƙasarsu Samoa, da kuma Auckland, gidan Goggo Loimata ya cika har gareji. Sieni ta je da takunkuminta da maganin kwana ɗaya a jaka, da niyyar ta yi gaisuwa ta dawo. Tun a bakin ƙofa Goggo ta tare ta.

"Wannan kuma likitar wa ce? Sieni, kawunki ne a kwance, ba ɓera ba. Ko warinmu ne ya fara damunki tun da aka sa miki zuciyar Turawa?"

Matan da ke jera tabarmin gaisuwa suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ku bar ta, digiri ne ya toshe mata hanci."

A wurinsu ba a gaida tsoho sai an sumbaci kumatunsa, kuma ba a yi da fuska a rufe. Sieni ta kai hannu ta cire takunkumin. Ta bi layin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, har da masu tari. Da aka ce 'yan matan gida su ɗauki tire, ita ce a gaba, don a ga ba ragguwa ba ce. Maganinta ya ƙare, tana sane. Amma 'yar gida ba ta fita ana tsakiyar jawabin dattawa, kuma jawabin bai ƙare ba sai da aka binne Kawu. Ta yi ta ce wa kanta gobe za ta je ta ɗauko.

Da zazzaɓi ya kawo ta asibiti aka tambaye ta inda ta ɗauko murar, ta ce wajen ɗalibanta. Aka tambaye ta ko tana shan magani yadda ya kamata, ta ce ba ta taɓa tsallakewa ba.

Yanzu Bronwyn ta daina wasa. Ta kunna launin ja da shuɗi da ke nuna gudun jini, sautin ya cika ɗakin, fuu, fuu. Ta tsayar da hoton ta auna kaurin bangon zuciyar, ta goge, ta sake aunawa. Ta buɗe tsohon hoto ta ajiye kusa da sabon. Ko Sieni ta ga bambancin. A tsohon hoton zuciyar tana matsewa kamar dunƙulen hannu, a na yau kamar mai jin barci.

"Bron, yaya?"

"Kin san ƙa'ida, ƙawata. Ni ɗauka nake yi, likita ke magana."

Tsoro ya kama Sieni tun daga wuya har ƙafa, amma zuciyar da ke allon ba ta ƙara sauri ba. Jijiyoyin da ke kai saƙon tsoro an yanke su ranar aiki, sai can daga baya take jin labari. Haka kuma ba ta iya yin ciwo ta yi gargaɗi. Tana can tana aikinta ba ta san abin da aka yi mata ba, kuma wannan ne ya sa Sieni ta kawar da kai daga allon.

Dakta Pappas ta shigo tana ɗaura rigar leda, ta daɗe tana kallon hotunan.

"Ƙarfinta ya ragu, kuma akwai ɗan ruwa a kewayenta," in ji ta. "Abu biyu ke kawo haka. Ko ƙwayar murar ce ta taɓa ta, ko jikinki ne ya fara ƙin ta. Maganin na biyun shi ne mu ƙara danne garkuwarki, kuma ba na son yin haka ga mai mura in ba dole ba. Tun da ba ki tsallake magani ba, na fi zargin murar. Za mu jira mu sake hoto bayan ƙarshen mako."

Peteli ta sunkuyo, ta yi magana ƙasa-ƙasa da harshensu na Samoa. "Kin ji, murar ce. Ki bar shi haka. Kada ki sa su ce danginmu jahilai ne, sun kusa kashe 'yarsu a gidan makoki."

Ashe Peteli ta san ta tsallake maganin. Sieni ta dubi uwarta, wadda ta kwana a kujerun wannan asibiti lokacin da ake jiran zuciya, wadda kuma za ta zauna kusa da Goggo Loimata a coci ranar Lahadi. Dakta ta riga ta juya za ta fita.

"Dakta," in ji Sieni. Muryar ta fito a dishe. "Ƙarya na yi muku. Ba a makaranta na ɗauko ba. Makoki na je, na cire takunkumi, kuma na yi kwanaki ban sha magani ba."

"Sieni!" in ji Peteli.

"Mama, ba wanda ya riƙe mini hannu. Ni na cire."

Ta jira faɗa. Da an yi mata faɗa da ta samu abin mayarwa, don ta iya. Amma Dakta Pappas ta tambaye ta ranakun kawai, ta ce, "To, ba za mu jira ba. Yau za mu ɗebi ɗan tsoka daga zuciyar mu duba." Bronwyn ta miƙo mata tawul ta goge man, ta naɗe wayoyinta a hankali. Rashin faɗan ya fi zagi ciwo.

Gwajin ya nuna jikin ne ke ƙin zuciyar. Aka ɗaura mata magani mai ƙarfi ta jijiya, murar ta sauka huhu kamar yadda aka ji tsoro, ta yi makonni da robar iska a hanci. Fuskarta ta kumbura, barci ya ƙaurace mata. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma nemi a rage mata komai ba. Peteli na zuwa kullum da kwano, ta zauna, ba sa tayar da maganar makokin.

Hoton da aka yi kafin a sallame ta ya nuna ruwan ya janye, ƙarfin ya dawo, amma bai kai yadda yake a da ba. Dakta ta ce watakila ba zai kai ba. Sieni ta roƙi Bronwyn ta juyo mata allon, ta kalla har aka gama.