Ɗakin Karyayyun Kujeru

Kafinta ya tura ƙofar ɗakin ajiyar makaranta da kafaɗa, guduma a hannu, ƙusoshi a baki. Karyayyun kujeru aka ce ya zo ya gyara kafin a tashi daga jarabawa. Sai ya tarar da mutane a kansu.

Ɗalibai ne, cikin fararen kayan makaranta, sun yi jugum a ƙura. Ta can lungu ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ya san wannan zaman. Ƙusoshin suka zube ƙasa.

"Likita?" Sunan da yake tsokanar jikarsa da shi ke nan. "Me kike yi a nan? Ba yau kuke lissafi ba?"

"Kaka, don Allah yi a hankali."

"Ina ɗan'uwanki?"

"Yana ciki. Yana rubutawa."

Tagwaye ne, aji ɗaya. Da safen nan ya ga fitarsu tare, kakarsu na binsu da addu'a har bakin ƙofa. Ashe tun da aka fara jarabawar ƙarshe, a nan yarinyar take wuni.

* * *

"Baba, zauna mana," in ji shugaban makarantar.

"Ban zo zama ba."

Shugaban ya gyara tabarau, ya yi bayani a natse kamar mai karanta farashin kaya. Jarabawar nan ita ke jera yara a layin shiga jami'a. Kuma ba makin yaro kaɗai ake dubawa ba, ana auna shi da na ajinsu gaba ɗaya. In masu rauni suka zauna, sai su ja kowa ƙasa. Shi ya sa duk wanda ya faɗi jarabawar gwaji aka cire shi.

"Zazzaɓi ne ya kwantar da ita lokacin gwajin! Da ledar ƙarin ruwa a hannu ta yi makon."

"Na'urar da ke tantance maki ba ta san zazzaɓi ba, Baba. Baɗi sai ta rubuta jarabawar a matsayin 'yar waje."

"To me ya sa kuke sa su wanka da guga kullum, su zo su zauna da ɓeraye?"

"Don kada unguwa ta yi surutu."

Kafinta bai yi boko mai nisa ba, amma bai taɓa jin inda ake gyara awo ta hanyar ɓoye kaya ba.

"Bari in kira ubanta. Yau za ka san yarinyar nan tana da gata."

Shugaban ya dube shi da wani irin tausayi.

"Ai da shi aka yi shawarar."

* * *

A ƙofar gida ya tarar da ɗansa, uban tagwayen, yana wanke motar haya.

"Kai! Da bakinka ka yarda?"

Ɗan bai ɗago ba. Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya bushe.

"Baba, cewa suka yi in aka rage masu rauni, namijin zai haura sama. Ɗaya ya shiga ai ya fi a rasa duka biyu."

"Ciki ɗaya suka kwanta, marar kunya! Ita ce fa ke koya masa lissafin!"

"Ita ma ta yarda."

"Ta yarda, ko ka ce mata ta yi shiru?"

Ɗan ya sake tsoma tsumma a bokiti.

Tsohon ya wuce rumfar aikinsa. A can ya same ta, ko kayan makaranta ba ta cire ba. Ta karɓo takardar tambayoyin yau daga ɗan'uwanta, ta ɗora guntun katako a cinya, tana amsa su da fensirin awonsa. Ta cika fuska ɗaya, ta juya ɗayar.

"Kaka," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "kana da wani katakon? Saura tambaya ta ƙarshe."