Wutsiya a Gaba

A shekarun da man fetur ya yi tsada a duniya, Abuja ta cika da hukumomi, har wasu ma'aikatan sai sun duba allon bakin ƙofa suke tuna aikinsu. A ɗaya daga cikin hukumomin nan Dakta Nababa yake, shi kaɗai a sashensa, a wani ɗaki da ke manne da ɗakin janareta. Ya yi karatu a waje, ya dawo da digiri da tabarau da tunani guda ɗaya tak: yadda ɗan Adam zai hau tauraruwa mai wutsiya.

Ba hauka ba ne, ko da yake matarsa Saudatu ta gaji da kare shi a gidajen suna. Kumbo zai harba ƙugiya mai doguwar igiya ta kama jikin tauraruwar, ita kuma ta ja shi, kamar yadda mai keke yake kama bayan tirela a hanyar Apo. Igiyar tana warwarewa, birkin da ke riƙe da ita yana ba da lantarki. In kumbon ya sauka a kanta kuwa, ga ƙanƙara nan tuli: a narka a sha, sauran a sarrafa shi ya zama makamashi. A haka za a tafi nesa da rana ba tare da an ɗauki mai daga gida ba. Nababa ya ba wannan tunani ƙuruciyarsa kaf, kuma yana son sa so na gaskiya.

Sa hannu ɗaya ya rage masa. Ana tsara ayyukan baɗi, kuma an sanar cewa duk sashen da ba shi da aikin da Darakta ya amince da shi, rufe shi za a yi. Nababa ya riga ya ji inda za a kai shi: sashen motoci, tunda an ce gwanin tafiye-tafiye ne.

Darakta, Alhaji Maitama, mutum ne mai son tsari. Ba a shiga lif kafin shi, ba a buɗe ruwan gora a mitin sai ya buɗe nasa. A 'yan kwanakin nan kuma ransa a dagule yake, domin ana raɗe-raɗin cewa mataimakinsa, Mista Albert, wanda Daraktan ya girme wa nesa ba kusa ba, shi na sama suke so a kujerar. Kowa a ginin ya sani. Nababa ne kaɗai bai sani ba, ƙarar janareta ba ta barin gulma ta isa ɗakinsa.

Ranar mitin duba aikinsa, Nababa ya fara bayani da Turanci. Darakta ya ɗaga hannu.

"Dakta, bar Turancin nan. Duk muna jin Hausa. Yi mana yadda za mu gane."

Nababa ya ji daɗi. Ya kawo zancen mai keke da tirela, aka yi dariya bayan Darakta ya yi. Ya kawo zancen ƙanƙara, aka gyaɗa kai. Da ya tsaya nan, da an sa hannu kafin azahar. Amma malamin kimiyya ba ya iya barin zane ba bayani, sai ya nuna babban zanensa.

"Abin lura, ranka ya daɗe, hasken rana da iskarta su suke tura wutsiyar. In tauraruwar ta nufo rana, wutsiya tana baya. Amma da zarar lokacin ya wuce ta juya, wutsiya ce take shiga gaba, kai ya bi ta a baya. Haka Allah ya tsara, ba yadda kan zai yi."

Mista Albert ya duƙufa duban murfin bironsa. Darakta ya rufe ruwan gorarsa, kowa ya rufe nasa, aka tashi.

Madam Justina, sakatariyar Darakta, ita ta tare shi a baranda.

"Dakta, wannan wutsiya naka ya jawo wahala fa. Oga bai ci lanci ba. Wa ya aike ka? Albert?"

"Wane Albert? Ni zancen tauraruwa nake."

"To je ka faɗa ma oga haka. Yana jiranka."

Alhaji Maitama bai ce masa ya zauna ba. Zanen yana shimfiɗe a kan tebur.

"Na yi shekara talatin ina aikin gwamnati," in ji shi, "ban taɓa ganin dabbar da wutsiyarta ke gabanta ba."

"Ranka ya daɗe, ba dabba ba ce. Sunan ne kawai. Tururi ne da ƙura."

"Ka ce in ta nufo rana wutsiyar tana baya?"

"Haka ne."

"To ku hau ta a lokacin. Lokacin da take da tarbiyya."

"Ai in mun yi haka, rana za ta kai mu, ranka ya daɗe."

Da alama Darakta bai ga aibun hakan ba. Can ya tura masa zanen da yatsa ɗaya.

"Aikinka yana da kyau. Gyara wutsiyar, ta koma inda ya kamata, in sa hannu ranar Litinin. In ba ta gyaru ba, akwai motoci da yawa da ke buƙatar likita."

Ranar Asabar, a gidansa na Gwarinpa, Nababa ya yini a kan teburin cin abinci yana kallon zanen. Saudatu ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, sannan ta tsaya.

"Wa zai gani? Fayil ne fa. A kabad zai ƙare, kamar sauran."

Wannan maganar ce ta kwantar masa da hankali, duk da ta yi masa zafi. Ya ɗauki magogi ya goge wutsiyar, ya zana ta a baya. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara karatu.

Litinin Darakta ya sa hannu. Ya ɗaga zanen ya daɗe yana kallo, kai a gaba, wutsiya tana biye cikin ladabi, ya ce bai taɓa ganin abin da ya bayyana manufar hukumar kamar wannan ba. Ba a rufe sashen ba. Har firinji aka kawo wa Nababa.

Bayan wata guda aka kafa sabon allo a bakin titi, wanda ya fi tsayin katangar hukumar. Ga rana a gefe, ga kumbo, ga tauraruwa tana barin rana da wutsiyarta a baya. An sa masa fitilu da layi na musamman daga janareta. Motocin makarantu suka fara kawo ɗalibai suna kwafa a littattafansu. Darakta mutum ne mai ba kowa haƙƙinsa, don haka ya sa aka rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: Binciken Dakta Nababa.