Takalmin Tela a Hannun Kwastan

Baduku da kunne yake gwada takalmi. Idan ya gama ɗinki sai ya ce wa mai shi ya saka ya taka daga bakin ƙofa zuwa bango, shi kuwa ya rufe ido ya kasa kunne. Baƙi kan ɗauka iyayi ne kawai, amma wanda ya taɓa sa takalminsa ba ya sake yin dariya.

Tela ne ya jawo masa wannan ɗabi'a. Tun suna samari shagunansu ke manne da juna, langa-langa ɗaya ce tsakani, in wannan ya yi atishawa wancan ya ce masa sannu. Ƙafar Tela ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, tun wani haɗarin keke na ƙuruciya, shi ya sa tafiyarsa ke da sauti biyu: ƙwas, sannan ɗif. Baduku ya ɓata fata ba kaɗan ba kafin ya gano kaurin da zai ƙara a dunduniyar hagu. Ranar da Tela ya ratsa shagon sautin ya fito iri ɗaya, rungume juna suka yi kamar yara. Ƙafar katakon da Baduku ya sassaƙa daidai ta abokinsa har yau tana rataye a ƙusa, ta yi baƙi don tsufa.

Da idon Tela ya fara gazawa, ɗansa mai aiki a ƙasar waje ya zo ya tafi da shi. Shagon ya koma na masu sayar da waya, ƙarar keken ɗinki ta ɗauke. Takalmi dai bai yanke ba. Duk shekara Baduku zai ɗinka sabo, wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga ya cusa a jakarsa ya kai, Tela kuma ya aiko da kuɗi ko an ƙi ko an so. "Abota daban, ciniki daban," in ji shi.

Bana ciwon gwiwa ya zaunar da ɗan kasuwar. Sai aikin ya faɗo kan Auta, 'yar Baduku, wadda dama ita ke tallata kayan shagon ta waya tana aika wa masu saye a ƙasashen waje.

"Baba, ga takardar lissafin takalmin Baba Tela," ta ce. "Kuɗin takalmi, kuɗin aikawa, sai harajin ƙasarsu."

"Harajin me kuma?"

"Wanda suke ɗorawa kan duk abin da aka saya, VAT. Mu nan ba za mu ɗora namu ba tunda kayan fita zai yi. Amma can sai an biya nasu. Ko dai mu haɗa a kuɗin, kamfanin aikawa ya biya a madadinmu, ko kwastan su riƙe kayan har mai shi ya biya."

Baduku ya ajiye guduma. "Ni in karɓi haraji a hannun Tela? Gwamnati ce ni? Mutumin da ya ɗinka miki rigar makarantarki ta farko bai karɓi ko sisi ba? Goge shi."

"Baba, in na goge a nan ba ya goguwa a wurinsu fa."

"Tun ba ki iya riƙe waya ba nake aika masa takalmi, ba wanda ya taɓa tambayata. Goge."

Ta goge. Shi kuwa ranar har da 'yar waƙa yana jan zare, a ganinsa ya sauke wa abokinsa nauyi. Taurin kan tsoho in ya haɗu da kirki, ba mai iya masa.

Makonni suka wuce ba labari. Tela da kan kira tun bai gama kwance ƙunshi ba, shiru. Abin ya ci wa Baduku rai ƙwarai, har ya fara tunanin ko an samo wa abokinsa takalmin kanti ne, an manta da hannunsa. Da ya kasa daurewa ya kira.

"Tsoho, ko ka mutu ne ba a gaya mini ba?"

"Ina zan mutu in bar ka da wa?" Tela ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Sai da Baduku ya matsa masa sannan ya faɗi gaskiya. Takarda ta zo cewa kayan na hannun kwastan, sai an biya haraji, in ba haka ba ƙarshen mako a mayar. Ɗansa ya tafi aiki wani gari mai nisa. An ce a biya ta waya, shi kuma rubutun waya ya fi ƙarfin idonsa. Ofishin kwastan kuwa da nisa, ga dunduniyar tsohon takalmi ta cinye, har ya zame a matakala kwanan baya, tun daga nan bai sake fita ba.

"Ka ga abin dariya," Tela ya ce. "Sai da takalmi zan iya zuwa karɓo takalmi."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na san kai ka goge. Wa zai yi wannan wauta don ni in ba kai ba?"

Baduku ya daɗe zaune yana kallon ƙafar katakon nan. Kunya ta kama shi, da tausayi, da kewar zamanin da in Tela na buƙatar abu sai dai ya buga langa-langa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

"Auta," ya kira a hankali, "abin nan da na ce ki goge, yana rubutuwa kuwa?"

"Yana rubutuwa, Baba." Ta danne murmushi. "Ai ba ni ce gwamnati ba, amma na san hanyar gidanta."

Kafin azahar ta biya ta hannun kamfanin aikawa, aka saki kaya.

Ana cikin hayaniyar masu waya wata safiya Tela ya kira. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Harajin nan zan aiko maka, ciniki daban. Yanzu yi shiru."

Baduku ya ji an ajiye wayar a ƙasa. Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya rufe ido. Daga can wata ƙasa, a wani ɗaki da bai taɓa gani ba, takun ya taso daga bakin ƙofa zuwa bango. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Ka ji?" in ji Tela.

Baduku ya share ido da bayan hannu. "Ban ji sosai ba," ya ce. "Sake takawa."