Na Jirgin Ƙasa da Na Gonar Inabi

Tun a kan mashin na gargaɗi mijina Kumai. Na ce, "Baban Godspower, mata za mu je nema wa ɗanmu. Idan aka yi maganar fim, ka cusa goro a bakinka." Ya ce shi ba yaro ba ne. Da yaro ne ma da na fi samun kwanciyar hankali.

Yarinyar da Godspower yake so ita ce Uloma, 'yar Ifediora mai shagon kayan mashin a Kafanchan. Kumai da Ifediora kuwa sun san juna tun suna samari, a wani gidan kallo da ke bayan tashar jirgi, kuma tun lokacin ba sa jituwa. Ba gona ta haɗa su ba, ba mace ba. Wani ɗan leƙen asirin Turawa ne na fim, wanda mutanen garin suke kira Mai Baƙar Kwat. Finafinansa sun fi ashirin, an canza mai fitowa a matsayinsa ban san sau nawa ba, tsofaffin nan biyu kuma ba su bar ko ɗaya ya wuce su ba. Ni ban taɓa gama guda ba, barci nake yi.

Mun iso daga Kagoma da jarkokin bammi da goro, kamar yadda dangin amarya suka ce a kawo. An karɓe mu a falo, ƙarƙashin hoton Lucia, marigayiyar matar Ifediora. 'Yar ƙasarmu ce, daga wajen Gwantu, kowa kuma ya san danginta ba su zo bikinta ba saboda ta auri Ibo. Fasto ya yi addu'a, aka fasa goro. Abu ɗaya ya rage: a al'adarsu uba ne zai cika ƙoƙo da bammi ya miƙa wa 'yarsa, ita kuma ta kai wa mijin da ta zaɓa. Idan ƙoƙon bai bar hannun uba ba, babu aure.

Ana jiran mata su gama shirya Uloma sai Chidozie, ƙanin Ifediora, ya kunna talabijin don baƙi kada su gaji. Har yau ban yafe masa ba. Mai Baƙar Kwat ne ya bayyana yana gudu a saman taragon jirgi.

Na taka ƙafar Kumai. A banza.

"Yauwa!" in ji shi. "Na jirgin ƙasa. Wannan ne namba wan. Duk cikinsu babu kamar shi."

Ifediora bai ko kalli talabijin ɗin ba. Ya ce, "Wannan ne mafi muni. Daga farko har ƙarshe duka da harbi. Mutum ya faɗo daga gada, kwat ɗinsa ko datti bai yi ba. Fim ɗin yara."

"Fim ɗin yara? Mutum ɗaya ya gama da sojoji cikin tarago da igiyar takalmi!"

"Shi ya sa na ce na yara."

Fasto ya yi tari. Godspower ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ni kuwa na san mijina: idan ya fara kaɗa yatsa, ko ruwan sama ba ya tsayar da shi.

"To kai wanne ne naka?" ya tambaya, alhali ya san amsar shekara da shekaru.

"Na gonar inabi," in ji Ifediora. "Inda aka tura shi wata ƙasa leƙen asiri, ya ga mace, ya ajiye bindiga ya zauna. Nan kaɗai ya zama mutum."

Kumai ya yi dariya har da buga cinya. "Wannan? Wannan ne bola! Rabin fim yana ɗaure itacen inabi kamar mai kafa wa doya sanda. Idan noma nake so in gani, ba sai in leƙa bayan gidana ba? Ranar da aka nuna shi, mutane fita suka yi."

"Waɗanda ba su da kai suka fita."

"Ni ne ba ni da kai?"

"Baban Godspower," na ce, "ga goro."

Ya ture hannuna. Daidai lokacin aka buɗe labule, Uloma ta fito cikin zane ja da murjani, mata suna guɗa a bayanta. Ifediora ya miƙe ya cika ƙoƙo. Da mijina ya yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, da yanzu ina goyon jika. Amma shi dole sai ya yi maganar ƙarshe.

"Ka san abin da ya ɓata fim ɗin?" ya ce da ƙarfi. "Matar nan! Mutum yana da ƙasarsa, yana da mutanensa, me ya kai shi auren baƙuwa? Duk wanda ya kwaso baƙo ya sa a gida, ya gama lalacewa."

Guɗar ta tsaya. Uloma ta riga ta durƙusa gaban ubanta, hannuwanta biyu a sama.

Ifediora ya juyo ga Kumai. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba, ni kuma na fi tsoron hakan.

"A kwatas ɗin ma'aikatan reluwe na garin nan aka haife ni. Babana a garin nan aka binne shi. Hausar da nake yi ta fi taka." Ya nuna hoton da ke bango da haɓa. "Abin da ka faɗa yanzu, shi mutanen Lucia suka faɗa mata. Ta mutu ba su taka gidan nan ba."

"Haba suruki, maganar fim nake yi," in ji Kumai. Sai yanzu muryarsa ta dawo daidai.

"Na sani. A kan fim ne mutum yake faɗin abin da ke cikinsa, don yana ganin ba a kama shi ba."

Godspower ya zube a ƙasa. "Papa, don Allah. Ni ne zan aure ta, ba babana ba."

"A gidan wa za ta zauna?" in ji Ifediora.

Ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙoƙon. Sannan ya ɗaga shi ya shanye da kansa, ya kife shi a kan tebur. Uloma ba ta sauke hannuwanta ba sai da wata gwaggonta ta zo ta kama su.

Muka ɗaure jarkokinmu muka koma Kagoma. Godspower bai bi mu ba, yanzu a garin Gidan Waya yake kwana wajen abokinsa, idan na kira shi sai ya ce yana kan hanya da fasinjan acaɓa. Bammin ya yi tsami a bayan ɗaki, na hana kowa zubarwa. Ina so Kumai ya riƙa jin warinsa duk lokacin da ya fita wanke fuska.