Sawun Farce a Ƙofar Baya

Farcena na ɗora a kan zanen na ja a hankali, sai ya maƙale. Haka mu masu fentin mota muke gwada ciwo. In farce ya wuce sumul, abin a sama yake, kakin gogewa da tsumma sun isa. In ya maƙale, to zanen ya ci fenti ya kai ga ƙarfe, sai samfefa da sabon feshi. Shekara goma sha tara ke nan ina wannan aiki a rumfata da ke bakin babbar kwatar Nima, farcena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Masu motocin ne dai ke yi.

Mai wannan motar kuwa Alhaji Muftahu ne, mijin ƙanwata Mulikatu, dillalin tayil kuma shugaban kwamitin masallacinmu. Yana tsaye cikin farar jallabiya, ƙamshin turarensa na kokawa da warin kwata.

"Akonta," in ji shi, don haka ake kiran suruki a nan, "okada ne ya goge ni a Maamobi. Yaran nan ba su da hankali, wallahi."

Na sake duban ƙofar baya. Babur in ya gogi mota, layi yake ja miƙaƙƙe. Wannan kuwa daga marikin ƙofa ya faro, ya karkace ya gangara ƙasa. Na gyaɗa kai kawai, domin mai fenti da ke son abinci ba ya gardama da labarin mai mota.

"Akwai na ciki ma," ya ƙara, yana duban wayarsa. "Ragon suna na kai unguwar Madina jiya, ya yi ta harbi. Ka yi mani shap-shap, Osumanu. Gobe Jumma'a zan ɗauki Liman."

Ya ajiye mini makulli ya tare tasi ya tafi.

Na buɗe ƙofar na durƙusa. A jikin baƙar robar da ke kewaye da marikin ciki akwai layuka huɗu a jere, an ja su, an sake ja, an sake ja. Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma na san kofaton rago biyu aka raba shi, ba huɗu ba. Na ɗora yatsuna a kan layukan, nawa suka yi musu faɗi. A gefen ƙofar na ga an ɗaga ɗan makullin nan da ke hana yara buɗewa daga ciki. Sannan a cikin tsagar mariki na hango wani abu ja. Na zaƙulo shi da tsinke, ashe guntun farce ne, jajir da lalle.

Shekaranjiya Mulikatu ta biyo ta rumfar nan tana nuna mini lallen da ta sa don sunan. Har na tsokane ta na ce ko ita ce mai jegon. Na zauna daɓas a ƙasa, guntun farcen a tafin hannuna.

* * *

Ɗakin mahaifiyarmu, Mma Sanatu, yana can ƙuryar wani gidan haya a Maamobi, gida mai ƙofa goma sha huɗu da famfo ɗaya. Ina shiga tsakar gida matan da ke wanki suka bi ni da ido, na san labari ya riga ni.

Mulikatu na kwance ta fuskanci bango, yatsu uku na hannun damanta a naɗe da bandeji. Kawu Iliasu, ƙanen Mma, yana zaune a kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin. A gabansa akwai ƙullin goro da sabuwar atamfa a leda.

Mma ce ta ba ni labarin, murya ƙasa-ƙasa. A wurin sunan wani tsohon ɗan ajin Mulikatu ya gaishe ta, ta amsa har ta yi dariya. Shi ke nan laifin. Alhaji ya finciko ta a gaban mutane, ta riƙe ƙofar mota, awarwaronta ya karce fenti. Ya tura ta baya ya rufe. A hanya ya ratse wani lungu ya tsaya, ya zagayo ya same ta da duka. Da asuba ta sulale ta taho gida.

"Karo na nawa ke nan?" na tambaya.

Ni na sani, na uku ne wanda muka ji.

"Motar tana wurina," na ce. "Ban taɓa komai ba, na ɗauki hoto. Ta tashi mu je wurin 'yan sanda da motar yadda take."

"Ei, Osumanu!" Kawu ya ɗaga hannu. "Polis? Surukinka za ka kai polis? Mu 'yan Zongo ba mu da manya ne? Gobe bayan Jumma'a za a zauna, Liman da kansa zai yi masa faɗa. Ga shi ma ya aiko da ban haƙuri."

"Bara ma an yi masa faɗa, Kawu. Atamfar bara shuɗiya ce."

"Ka iya bakinka," in ji Mma. "Kai namiji ne, ba ka san komai ba. Ina zan sa Mulikatu da yara biyu? Ɗakin nan? Mutanen gidan nan su samu abin taunawa? Ni ma na yi haƙuri da babanku, ga ni ban mutu ba."

"Haƙuri maganin zaman duniya," Kawu ya ɗora, yana ɓare goro daga ƙullin.

Wannan magani na rasa gane kansa. Tun ina yaro nake ganin ana ba da shi a unguwar nan, kuma kullum mai ciwon ake ɗura wa, wanda ya ji masa ciwon ko ɗanɗanawa ba ya yi. Raina ya ɓaci. Na ce da su ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan taɓa motar nan ba, ya je ya ɗauki Liman a cikinta haka, in Liman ya tambaya ya ce masa rago ne.

"To ka tona wa ƙanwarka asiri," in ji Kawu. "Ka ji daɗi."

Na dubi Mulikatu ko za ta ce wani abu. Ba ta ko juyo ba.

* * *

Na koma rumfa na kasa aikin komai. Wani direban trotro, motar haya, ya kawo mini gyaran bamba na sallame shi. Sau biyu Alhaji ya kira, na bar wayar tana kuka a kan benci.

Bayan azahar na ga Mulikatu ta tsallako gadar kwata, mayafinta ya rufe rabin fuska. Ba ta zauna ba. Ta tsaya nesa da motar kamar mai tsoron kare.

"Yaya, ka gyara motar."

"Su suka turo ki?"

"Ba wanda ya turo ni."

"To ki saurare ni. Ɗakina na New Town ya ishe ki ke da yara, ni sai in dinga kwana a nan. Ki bar mini sauran."

Ta yi wani ɗan murmushi da ya fi kuka ciwo. "Ya riga ya faɗa wa Kawu. In na je polis, ko na ƙi komawa, yara nasa ne. Wa zai tsaya mani a zaman gobe, Yaya? Kawu? Liman da zai zo a motarsa?"

"Akwai kotu. Doka ba ta ce haka ba."

"Kotu wata nawa? Ni kwana ɗaya na yi ban ga Jamal ba, nono na yi mani zafi."

Jamal ɗan autanta ne, wata goma sha huɗu, yana can wurin uwar Alhaji.

Ta matso, ta nuna ƙofar da haɓa, tana magana da Hausarmu ta Zongo da ke ce wa mace ma "shi". "Nan ne wurin zaman 'yata Mubarika. Da safe babansa ya kai shi makaranta a ciki kafin ya kawo maka. Da aka tashi ya biyo wurin Mma, ya kama hannuna yana kallo. Ya ce, 'Mma, ragon nan ke ma ya ji maki ciwo?'" Ta gyara mayafinta. "Shekaransa shida, Yaya. Yau ya yarda rago ne. Baɗi fa? Kullum safe yana zaune yana sa yatsunsa a ciki. Za su mayar da ni, ni da kai mun sani. Ba na so 'yata ya girma yana kallon wannan."

Na so in daka mata tsawa. Na so in ɗauki guduma in farfasa gilasan motar ɗaya bayan ɗaya. Amma wa zan yi wa tsawar? Ita ce kaɗai a cikinmu da ta faɗi dalilin da ba na kanta ba.

Da ta tafi na jona na'urar busa iska mai zafi. Robar mota in ta ji zafi takan yi laushi, bakin zanen ya kwanta. Na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, na danna su da ɗan faifan da ke mayar wa roba da ƙwayar fatarta, na shafa baƙin launi. Na waje na ci shi da samfefa, na cike, na haɗa fenti har sau uku kafin ya dace, na fesa. Ban taɓa yin aikin da na tsana kamar wannan ba, kuma hannuna bai san yadda ake aikin banza ba. Da safe na goge da kaki, na ja farcena ciki da waje, ya wuce sumul. Kafin in rufe ƙofar na sauke ɗan makullin nan na yara. Iyakar abin da na iya yi mata ke nan.

* * *

Zaman bai kai awa ɗaya ba. An yi wa Alhaji nasiha, ya sunkuyar da kai, aka ce Mulikatu ta yafe, aka shafa fatiha. Ni ina bakin ƙofa, ba a tambaye ni komai ba.

A waje motar na sheƙi a rana, mutane na zagaya ta. Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Chale," ya ce, wato aboki, "akonta, hannunka albarka! Ko kai ba za ka gane wurin ba."

Mubarika ce ta fara shiga baya. Ta shafa robar da 'yan yatsunta, ta sake shafawa, ta ɗago kai ta dube ni.

"Kawu, ina na ragon?"

"Na goge," na ce.

Mulikatu ta shiga ta zauna kusa da ita, atamfar a kan cinya, ba ta dubi kowa ba. Alhaji ya kama ƙofar zai rufe, sai ya tsaya. Ya sunkuya ya dubi gefenta, ya sa babban yatsa ya ɗaga ɗan makullin.

"Saboda yara," ya ce da Kawu Iliasu.

Kawu ya gyaɗa kai. Ƙofar ta rufu a hankali. Ta gilashi na ga Mulikatu ta ɗora yatsunta masu bandeji daidai wurin da na gyara, motar ta bi ta gefen kwata ta hau titi.