Wuyan Maigadi

Gwaggo ta zura hannu cikin ramin wankan agwaginta ta ciro agwagwa ta uku, ta ajiye ta kusa da 'yan'uwanta biyu a kan siminti. Ita ma ta mutu. Wuya ya langaɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma, baki cike da ruwa. Agwagwa fa, wai ta nutse a ruwan da ko gwiwa bai kai ba. Makon jiya ɓeraye suka ɗauke mata 'yan ƙanana huɗu, da ƙyar ta yi maganinsu, yau kuma ga wannan.

Amma ba agwagin ne suka tsinka mata zuciya ba, Maigadi ce. Farar dinya ce da marigayi mijinta ya kawo mata a kwali, wata biyu kafin rasuwarsa. Shekara tara ke nan babu mai shiga gidan sai da izininta, ta taɓa yaga wandon mai karanta mita har ya daina zuwa shi kaɗai. Yau ga ta kwance a gindin famfo, ƙafafu a baje, dogon wuyan nan da take razana mutane da shi yana ƙasa, ido rabi a rufe.

Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi katanga, inda magudanar ruwa ta ɓullo daga garejin makanike ta ratsa bayan gidanta. Sau uku tana yi masa magana a kan baƙin mai da ruwan batir. Ranta ya ɓaci. Ta fizgi mayafi, ta ɗauki gawar agwagwa ɗaya ta ƙafa, ta fita.

Makaniken yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Direbobi biyu suna zaune a benci, mai faci yana ta fama da taya. Ta jefa gawar a kan kwalin da yake kwance a kai.

"Fito, Injiniya. Fito ka ga aikinka."

Ya silalo waje da sifana a hannu, mutum mai furfura a gemu, ya dubi agwagwar ya dube ta. "Gwaggo, lafiya?"

"Lafiyar ce ta kawo ni. Uku ka kashe, ta huɗu tana hanya. Sau nawa na ce ka daina turo min ƙazantarka? Don ka ga ba namiji a gidan, shi ya sa ka mai da ni bola?"

"Gwaggo, ki saurare ni, wannan magudanar..."

"Ba na sauraron marar tsoron Allah. Ku shaida," ta juya ga mutanen benci, "in dinyar nan ta mutu, wallahi sai na kai shi gaban hukuma an rufe wannan wurin."

Mai faci ya ajiye taya. Matan maƙwabta sun leƙo ta ƙofa. Jijiyar wuyan makaniken ta tashi. Gwaggo ta juya ta bar masa gawar.

A gida ta kira likitan dabbobi. Yana wata gona mai nisa, sai yamma zai dawo, amma ya ce ta faɗa masa abin da take gani. Ta faɗa masa, ta haɗa da tarihin makanike tun daga ranar da ya tare a unguwar.

"Mama, bar makanike tukuna. Wuyan dinyar ya saki gaba ɗaya? Ba ta iya tsayawa?"

"Ba ta iya."

"Akwai mushe a kusa? Wani abin da ya ruɓe, ko tsutsa da za su iya ci?"

"Likita, gidana ba juji ba ne. Sau biyu nake shara kullum."

"To, ki yi haƙuri. Ki ɗauke ta daga bakin ruwa, da duk wadda ta fara tangaɗi, don in wuya ya saki, a ɗan kwano ma sai su nutse. Ki sa ta a inuwa, ki tallafe wuyan da tsumma. Ki daka gawayi mai tsabta ya yi laushi, ki dama da ruwa, ki ba ta da sirinji ba allura, kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Kada ki matsa mata ta yi amai, kada ki ɗura mata mai ko madara ko da wani ya ce miki. Waɗanda suka mutu a binne su, kada kowa ya ci. In ta kai yamma tana haɗiya, akwai fata."

Ta yi komai kamar yadda ya ce, tana yi tana mita. Ta kulle sauran agwagi bakwai a ɗakin ajiya da ruwa mai kyau a faranti marar zurfi. Ta shimfiɗa wa Maigadi buhu a baranda, ta naɗe tsohon zani ta tokare mata wuya. Ta daka gawayin a turmi, kowane bugu da sunan makanike. Sai dai aikin ya fi hannu biyu. In ta buɗe bakin dinyar, wuyan ya zame. In ta riƙe wuyan, sirinjin ya zube mata a cinya. Baƙin ruwa ya ɓata mata zani, ƙudaje suna ta sauka a idon tsuntsuwar. Takaici ya sa ta kusa kuka, ita da ba ta yi kuka a gaban mutane ba ko ranar da aka fita da mijinta.

Aka yi sallama. Kafin ta amsa, makaniken ya shigo da shebur da ƙarfen ɓanɓare taya, fuska a murtuke. Yau babu mai tare shi a ƙofa.

"Me ya kawo ka?"

"Kin tara min jama'a, Gwaggo. Shekara ashirin ina aiki ba wanda ya taɓa ce min marar tsoron Allah. Zan buɗe magudanar nan a gabanki, ki gani da idonki."

"Buɗe. Ni ma abin da nake so ke nan."

Ya wuce bayan gida, ta bi shi da sirinji a hannu. Ya sa ƙarfe ya ɗaga murfin simintin farko, na jikin katanga. Bakin ramin a toshe yake da bulo da siminti, ya bushe ƙamas, har gizo-gizo ya yi saƙa.

"Tun maganarki ta uku na toshe shi. Na juya ruwana ta gaba. Wata biyu ke nan. Abin da nake son faɗa miki ɗazu ke nan."

Gwaggo ta taɓe baki. "Sai ka buɗe sauran."

Ya ɗaga na biyu, ba komai. Da ya ɗaga na uku, wanda ke dab da ramin wankan agwagin, wari ya buge su har ya ja da baya. Ɓeraye ne, manya, sun kai biyar, sun kumbura sun fashe. Tsutsa fara fat tana ta motsi, tana bin tsagar simintin tana faɗawa cikin ruwan agwagin. A gefe ga ɗan murfin gwangwani da sauran jan garin maganin ɓera a ciki.

Murfinta ne. Ita ta tura shi can ciki da sanda ranar Asabar, da yamma, ta zaɓi wurin musamman don bakin agwagwa ba zai kai ba. Har ta yaba wa kanta da dabara.

Makaniken ya dubi murfin, ya dube ta. Ta jira ya yi magana. Da ya yi, da ta samu abin kamawa. Sai kawai ya sa shebur ya fara kwashewa. Ya haƙa rami mai zurfi a gindin katanga ya binne ɓerayen da agwagi biyun, ya koma gareji ya ɗauko ta ukun. Ya kwashe ruwan ramin wankan agwagin da bokiti, ya wanke shi da omo. Duk wannan bai ce mata uffan ba, kuma shirun nan ya fi mata zagi ciwo. Haushin da ta tashi da shi yana nan bai ragu ba, sai dai yanzu ba ta da inda za ta sauke shi.

Da ya wanke hannu, ya tsaya a baranda yana kallon yadda take kokawa da sirinji.

"Kawo in riƙe wuyan," ya ce, murya ba daɗi.

Ya tsuguna ya tallafe kan Maigadi da manyan hannayensa masu baƙin mai a farce. Gwaggo tana ɗiga ruwan ta gefen baki, suna jira maƙogwaro ya motsa, sannan ta ƙara. Haka suka yi ta yi, kowane rabin awa. Ya je ya sallami direba ɗaya ya dawo. Ba wanda ya kalli wani.

Inuwa ta kai bakin famfo lokacin da idon dinyar ya buɗe sosai. Ta kalli mutumin da ke riƙe da ita. Wuyan ya ɗan yi rawa, ya tashi kamar faɗin yatsa biyu daga zanin, ta buɗe baki ta yi wani huci marar ƙarfi, ta kama masa babban yatsa.

"Ta gane ni," ya ce. "Halin gidan ne."

Gwaggo ta ajiye sirinjin. Ta tashi, gwiwoyinta suna ƙara, ta ɗauki mayafinta daga igiya.

"Riƙe min ita. Mai faci bai tashi ba ko?"

"Yana nan. Gwaggo, bar shi kawai, ya wuce."

"Kai ka yi min shiru," ta ce a fusace. "A bakin titi na zage ka, ba a baranda ba."

Ta yafa mayafin a kan zanin da gawayi ya ɓata, ta nufi ƙofa.